Ranar da Jikin 'Yata Ya Daina Fizga

'Yata ta biyu ta zo duniya ba ta yi kuka ba sai da aka jima. Ta shekara wuyanta bai tsaya ba. A asibiti suka ce ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu wajen haihuwa. Shekara tara muka yi da ita a Warra, ba tafiya, ba magana, kanta kullum yana fizgewa baya, hannuwanta suna murɗewa. Ina bandar kifi, tana kwance a tabarma gefena.

Wata safiya na ɗago ta zan ba ta kunu, ta fizge da ƙarfi, ƙeyarta ta bugi bakin turmi. Ba jini. Ta yi ɗan kuka ta yi shiru. Da hantsi na ga hannuwanta sun kwanta, yatsunta a buɗe, abin da ban taɓa gani ba. Na kira Inna, mahaifiyata, na ce ta zo ta ga sauƙi ya samu. Ta ɗora tafinta a ƙirjin yarinyar, ta daɗe.

"Wannan ba sauƙi ba ne," in ji ta. "Aika a kira babanta daga ruwa."

A Yelwa likita ya ce shekarun fizgar nan sun riga sun raunana ƙashin wuyanta, bugun turmin ya gusar da shi ya danne lakar da ke cikinsa, kuma ta nan umarnin numfashi ke bi. Ya ce sai na'urar numfashi, su ba su da ita, sai Sakkwato. Na ce to. Aka sa mata bututu, aka haɗa da wata jakar roba da ake matsawa da hannu, iska ta shiga.

A mota muka riƙa karɓa-karɓa, ni da babanta da ma'aikaciyar jinya. Idon yarinyar a buɗe yake, tana kallon rufin motar. Mun shiga ƙasar Shanga, shinkafa kore a gefen hanya, ma'aikaciyar ta taɓa wuyan yarinyar, ta sake taɓawa.

"Yaya, ki bari haka nan," ta ce mini.

Na ji ta, amma hannuna bai tsaya ba, sai da babanta ya zare jakar. Direba ya juya motar, muka nufi gida.

Kafin magariba aka kai ta makwancinta. Mata suka cika gida suna gaisuwa, ina amsawa ɗaya bayan ɗaya. Hawaye bai zo ba. Abin da na sani, kwana uku hannun damana yana ciwo, ko ludayi ba na iya riƙewa.