Kawu Yahuza da Motocin da Ba Sa Tari

Duk wanda ya taɓa aiki a garejin ƙaramar hukumarmu ya san Kawu Yahuza ba ya gaisawa da mutum sai ya gama gaisawa da motoci. Da sassafe zai shigo a kan kekensa, ya jingine shi a gindin maina, ya sa a tayar da motocin ɗaya bayan ɗaya. Kowace zai ɗora kunne a kan bonet ɗinta, ya rufe ido. Ko ciyaman ne ya yi masa sallama a lokacin, hannu kawai zai ɗaga masa, wato ya dakata. In ya ɗago sai ya yanke hukunci: wannan ta kwana lafiya, wannan mura take yi, wannan kuwa lafiyarta ƙalau, direbanta ne ba shi da hankali. Ni ɗan ƙanwarsa ne, shi ya koya mini tuƙi, a ƙarƙashinsa kuma na yi aikin direba. Ku da kuke wurin kun san sau nawa na zama wannan direban.

Ya fi shekara talatin yana shugaban makanikai a garejin. Saura masa kaɗan ya yi ritaya aka zo da maganar cewa za a sauya motocin hukuma gaba ɗaya da masu amfani da lantarki. Fetur ya gagara, rana kuwa a ƙasarmu ba a rasa ta. Aka kafa wata doguwar rumfa a bayan sakatariya, aka jera mata faifan sola a sama, aka kawo wani injiniya daga Kano, Injiniya Nura, mutum mai haƙuri, don ya yi mana bayani.

Ranar bayanin Kawu ya zauna a layin gaba da tawul a kafaɗa. Ya bari Injiniya ya gama tsaf, sannan ya tambayi inda ake zuba baƙin mai. Aka ce babu. Ya tambayi fulogi, babu. Kafireta, babu. Salansa, babu. Ya dubi hannayensa, ya ce, "To ni me zan gyara?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, sai da na kalli fuskarsa na ga ba wasa yake yi ba.

Motoci shida aka fara kawowa, farare sol. Kawu ne zai sa hannu a takardar karɓa. Ya nufi ta farko, ya ɗora kunne, ya ce in tayar. Na ce ai tana kunne. Ya ce ba ya son shashanci da safe. Na rantse masa. Ya sa na buɗe bonet, ya leƙa, ya ga wani akwatin roba da fili wanda za a iya ajiye jaka. Ya zagaya baya ya duba, ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashi, ya taso yana kaɗe riga, ya sanar da mu cewa an sace injin a hanya, kuma shi ba za a haɗa baki da shi ba. Kwana uku ana fama. Injiniya ya zana masa hoto, sakatare ya roƙe shi, ciyaman ya aiko. A ƙarshe ya sa hannu, amma a ƙasan takardar ya rubuta da biro: "An karɓi mota shida. Inji ban ga ko ɗaya ba." Takardar tana nan a fayil har yau, wanda ya yi musu ya je ya duba.

Tun daga nan ya kafa doka cewa duk motar da za ta yi tafiyarta ta farko, da shi za a je. A haka muka tafi kasuwar Maigatari wata Alhamis, mun ɗauki malamin dabbobi. Kun san yadda bakin kasuwar yake: shanu, raƙuma, masu amalanke, mutanen Damagaram da suka tsallako, kowa da inda ya dosa. Da tsohuwar motarmu ce, tun daga nesa ake jin ruguginta a ba ta hanya. Wannan kuwa sai ta shiga cikin mutane kamar kyanwa. Wani dattijo da igiyar raƙumi a hannu ya ratso gabanmu bai ko waiga ba. Na taka birki har malamin dabbobi ya bugi kujera. Dattijon ya wuce abinsa, bai san ya kusa kwana a asibiti ba. Da na danna hon kuma, wani bijimi ya zabura ya watsar da tiren mai gyaɗa.

 Kawu ya ce in tsaya, ya sauka ya shige kasuwa. Can sai ga shi da ƙararrawa shida, irin wadda ake rataya wa dabba a wuya. Ya durƙusa ya ɗaure ɗaya da waya a ƙarƙashin bamba, ya zuba sauran a aljihu. Haka muka dawo muna kilin-kilin har garejin, kafin la'asar kuma kowace mota ta samu tata.

Sakatare ya fusata, ya ce wannan motar gwamnati ce, ba amalanke ba. Kawu ya ce gaskiya ne, ranka ya daɗe, a cire, amma a ba shi takarda da sa hannu cewa duk wanda aka take, sakatare ne zai je gidansu ya yi bayani. Ba a kawo takardar ba. Daga baya Injiniya Nura ya nuna masa cewa motar tana da wata ƙara tata da ake kunnawa saboda masu tafiya a ƙasa. Kawu ya saurara, ya ce wannan ai kukan sauro ne, ba raƙumin da zai matsa wa sauro. Ƙararrawa ta zauna. A ƙauyukan Gagarawa har suna suka sa wa motocin, in sun jiyo mu sai su ce ga awakin hukuma nan tafe.

Abin da ya faru a tafiyar Ɗanzomo kuwa laifina ne, yau zan faɗa da bakina. Ana gobe za mu tafi na bar mota a caji, ashe ban tura kan wayar ya zauna sosai ba. Da safe na ga batir bai cika ba, na ji kunyar faɗa, na ce a raina zai kai mu. Ni da Kawu ma'aikatan lafiya muka ɗauka, Hajiya Binta da abokiyar aikinta, da akwatin allurar rigakafi wanda ƙanƙara ce ke riƙe da shi. Muka gama da Ɗanzomo, muka nufi wani ƙauye a gaba, hanya duk rairayi. Rairayi kuwa yana shan batir yadda ba a zato. Saura kaɗan mu isa, mota ta yi sanyi, ta yi sanyi, ta tsaya.

Rana tsaka, ba gida kusa, ga mata can ƙauyen sun taru da jarirai suna jiranmu. Hajiya Binta ta buɗe akwatin ta taɓa ƙanƙarar, ta ce in ta narke allurar ta tashi aiki, sai dai a zubar. Ni dai gumi kawai nake yi.

Kawu ya sauko a hankali, ya buɗe but, ya ɗage wata tabarma da na ɗauka ta sallah ce. Ƙaramin janareta ne a ƙasa, da jarkar fetur. Ashe duk motar da zai shiga sai ya riga kowa zuwa ya ɓoye su. Ya ɗauko wayar cajin da ake sa wa a soket ɗin gida, ya haɗa, ya ja igiya. Janareta ya tashi da hayaƙi da ƙara. Ya shimfiɗa tabarmar a inuwar wata aduwa, ya zauna ya miƙe ƙafa, fuskarsa kamar ta ango.

"Kun gani ko?" ya ce. "Ita ma fetur take sha. Kunya ce ta hana ta sha a gaban mutane."

Hajiya Binta ta yi dariya har da riƙe ciki, duk da hankalinta yana kan akwati. Mun fi awa biyu a wurin kafin motar ta samu ɗan abin da zai kai mu. Muka isa da sauran ƙanƙara, aka yi wa yara allura. A ofis Kawu bai taɓa ambatar sunana ba. Da aka tambaye shi me ya faru, ya ce rairayi ne. Amma a gida, duk sunan da aka yi ko ɗaurin aure, sai ya ba da labarin, kuma a nan sunana yake fara faɗa.

Ranar da aka zo kwashe tsofaffin motoci zuwa gwanjo bai zo aiki ba. Ya aiko cewa zazzaɓi yake yi. Na je duba shi na same shi zaune a zaure lafiya lau, yana goge sifanoninsa ɗaya bayan ɗaya. Ban tambaye shi jiki ba, shi ma bai yi ƙaryar tari ba. Makonnin da suka biyo baya sai ya zo ya zauna a benci, ba abin kwancewa, ba abin ɗaurewa, hannunsa fes. Matarsa Inna Hajara ta ce mini ko tuwon kirki ya daina ci.

Motar ciyaman ce ta tashe shi. Wata safiya za a tafi taro Dutse, direba ya zagayo da ita gaban ofis, Kawu yana benci, kunnensa ya jiyo wata 'yar ƙara. Ya miƙe ya tare hanya, ya sa aka sake zagayawa da shi a ciki, sannan ya karɓi makulli ya sa a aljihu, ya ce ba inda za ta. Ya ce boris ɗin tayar gaba ta hagu, ƙarfen da take juyawa a kansa, ya ci. Injiniya Nura ya jona kwamfuta, ta ce komai lafiya. Kawu ya ce a tambayi kwamfutar ko ta taɓa bin hanyar Sule Tankarkar da damina. Ciyaman ya fito, ya yi faɗa, ya duba agogo, ya shiga wata motar ya tafi. Aka kwance tayar. Boris ɗin ya niƙe, ana taɓa shi ya zube a hannu. Muka yi ta hamdala, don mun san gudun da ake yi a titin Dutse.

Tun daga ranar Injiniya ya koma kiransa Baba. Kawu kuma ya gano cewa aiki bai ƙare ba: akwai taya, akwai birki, akwai shokozoba, ga shi ba ƙarar inji da za ta rufe masa su. Hannunsa ya koma baƙi, tuwo ya dawo. Amma ko sau ɗaya bai yarda ya yabi motocin ba. In aka matsa masa sai ya ce, a matsayinsu na firiji mai taya, ba laifi.

Bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya, shekara ɗaya da ritayarsa. Ranar uku muna zaune a ƙofar gida Injiniya Nura ya zo ta'aziyya. Bayan addu'a ya ce akwai maganar da aka sa shi ya rantse ba zai faɗa ba sai mai ita ba ya nan. Ashe duk Asabar ɗin da Kawu yake cewa ya tafi duba gonarsa, Gumel yake zuwa, gidan da Injiniya ya sauka, da littafi da biro, ana koya masa aikin batir. Wata takwas yana zuwa. Har jarrabawa ya zauna tare da sa'o'in 'ya'yansa, ya kuma ci.

Na shiga ciki na gaya wa Inna Hajara. Ta ɗaga katifa ta ciro wata takarda mai hatimi a cikin leda, ta shaidar cin jarrabawar, da sunansa raɗau a jiki. Ta ce shi ya ba ta ajiya, ya ce mata takardar awon hawan jini ce, kada ta nuna wa kowa.

Muka yi ta dariya ni da ita, har na ga ta ja gefen mayafi tana goge ido.

Allah Ya ji ƙan Kawu Yahuza, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Mutanen da ya mayar gidajensu lafiya ba tare da sun sani ba, Allah Ya sa su zame masa shaida. Mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.