Ranar da Jinina Ya Ƙi Yin Guda

Ni dai ko a kabari aka tambaye ni abin da ba zan manta ba, wannan zan fara faɗi. Damina ta biyu ce bayan cutar korona, shekarar da autana ya yi aure, rumbunmu na gero kuma ya rushe da ruwan Agusta.

A Mawashi kowa ya san ni da taubashiyata. Ɗiyar gwaggona ce, kuma tun muna 'yanmata ba mu taɓa yarda ɗaya ta fi ɗaya ba, ko a daka, ko a kitso, ko a yawan jikoki. Da tsufa ya zo sai gasar ta koma ga ƙaho. Duk kaka wanzami zai zo gidanmu, mu zauna a tabarma mu ba shi baya. Ya kafa ƙaho ya zuƙa, ya cire ya tsattsaga da aska, ya mayar. In ya juye jinin a kasko sai mu leƙa. Wadda nata ya fi guda baƙi ƙirin, ita ce mai mataccen jini, ita za a yi wa dariya har wata kakar. Shekara uku a jere ni ake wa dariyar.

To a wannan shekara ƙafata ta hagu ta kumbura kamar taɓarya. Likita a Kankiya ya ce jini ne ya daskare a jijiya, ya ba ni wasu 'yan ƙwayoyi, ɗaya kullum. Ya ja mani kunne: ban da yanka, ban da ƙaho. Na ce to. A raina kuwa na ce, yaron da na girmi uwarshi ne zai raba ni da abin da na gada? Don in warke da wuri ma bibbiyu na riƙa sha.

Ranar ƙaho da hantsi, taubashiyata aka fara yi wa. Aka juye, guda manya manya kamar hantar akuya. Da aka zo kaina, wanzami ya juye ƙaho, sai ga jini ja wur, tsararo, yana gudu a kasko kamar zoɓo. Guda ko ɗaya babu.

Na rangaɗa guɗa. Na ce, "Ke baiwata, zo ki ga jinin 'ya'yan asali!"

Ta leƙa ta taɓe baki. "Wannan ai ruwan wanke tukunya ne."

"Hassada ce. Malam, ƙara mani ƙaho biyu, ta gani da kyau."

Bai ƙara ba. Na ji yana danna mani tsumma a baya, ya ɗaga, ya sake dannawa. Can ya ce, "Inna, ba ya tsayawa fa."

Na ce, "Ina zai tsaya? Jini mai lafiya ai tafiya yake."

Ya barbaɗa toka, jini ya wanke ta. Ya nemo yanar gizo ya liƙa, ta bi ruwa. Ni kuwa ina zaune ina aika a kirawo maƙwabta su zo su shaida. Zanena ya jiƙe sharkaf, na fara ganin taubashiyata ta zama biyu. Na ce, "Ɗayarki ma ta ishe ni, ina za ni da biyu?" A nan ne ta daina dariya.

A babur aka kai ni Kankiya, ni a tsakiya, ita a baya ta danne mani ciwon da ɗankwalinta. Duk hanya zagina take a kunne don kada in sume. "Wallahi in kika mutu, a wurin zaman makoki zan faɗa wa kowa ni na ci." Wannan maganar ce ta riƙe mani ido a buɗe.

A asibiti suka ɗaure wurin tam, suka yi mani allura, suka sa mani ruwa. Wata nas 'yar kudu, Hausa a bakinta kamar a Rimaye aka yanke mata cibiya, ta ji ina gaya wa mai gadon kusa da ni cewa jinina ba shi da datti. Sai ta kawo wata 'yar kwalba da aka juya jinina a inji. Na ga ya rabu: sama ruwa rawaya, ƙasa ja, tsakaninsu wani siririn fari.

Na ce, "Wa ya zuba mani ruwa a jini?"

Ta ce, "Allah, Mama. Kowa haka nashi yake." Ruwan, in ji ta, shi ke ɗauke da sauran. Jajayen su ke kai numfashi ko'ina a jiki. A cikin farin nan akwai masu yaƙi da cuta, da wasu 'yan mitsi-mitsi. In an yanke mutum, 'yan mitsin ke rugawa su toshe bakin ciwo, sai wasu zaruruwa su saƙu a kansu kamar raga, su kama jajayen, abin ya zama guda. Ƙwayar da nake sha aikinta rage wannan saƙar, ni kuma na ninka ta.

Na ce, "To gudan da ke fita a ƙaho fa?"

"Jini ne mai lafiya da ya fito waje ya yi aikinshi."

Taubashiyata ta gyara zama. "Malama, don Allah maimaita da ƙarfi, kunnenta ba ya ji sosai."

Shekara uku ashe ni ke da jini mai aiki ana mani dariya, ranar da na yi guɗa kuma ranar ce na kusa tafiya. Kwana huɗu na yi a gado, rubda ciki.

Abin da na koya, in mai sani ya ce maka kada, ka tambaye shi dalili kafin ka raina shekarunshi. Wanzamin ya rasu bara, Allah ya jiƙan shi. Nas ɗin an ce an mayar da ita Katsina. Saura ni da taubashiyata, kuma har yau ban biya ta ɗankwalinta ba, don baiwa ba ta bin uwargijiyarta bashi.