Laujen da ya yanke agarar jakinmu

Kukan jakinmu ne ya katse mana karin kumallo ran nan, wani kuka mai shaƙewa da ban taɓa jin irinsa ba. Ni da Baba da yayana muka iske shi a turke, an yanke masa agarar ƙafar baya. Shi ke jan amalanken da Baba ke kai gero kasuwar Ɗan Kassari. Shekarata goma sha ɗaya, ina hutun lakwal, wato makarantar boko.

Baba bai nufi jandarma ba, maƙerin garinmu ya kira. Tsohon ya tsuguna, ya buɗa raunin da yatsa biyu, ya daɗe yana kallo.

"Wanga ba aikin wuƙar fawa ba ne, ba kuma na aska ba," in ji shi. "Janyowa aka yi, naman ya tsattsage. Lauje ne mai haƙora."

Ni a lokacin kaina cike yake da labarai, ko inuwa na gani sai na ƙaga mata tarihi. Na ce, "Jiya na ga Iya mai ciyawa bayan dangarmu da lauje."

Na gan ta da gaske, amma kullum ma nan take bi. Tsohuwa ce mai yanko ciyawa tana sayar wa masu awaki, ƴar bori, wadda samarin bakin kasuwa suka daina gaisarwa tun tuni. Ba wanda ya kai ta gaban maigari. Sayen ciyawarta kawai aka daina.

Sau ɗaya ta tare ni a hanyar rijiya.

"Ɗiyata, mi kika gani?"

"Lauje, Iya."

"To, kin ga lauje." Ta gyara mini gammo, ta wuce.

Kafin a yi girbi ta koma wurin danginta a Geceme. Na sha shirya kalmomin ban haƙuri a raina, masu daɗin ji, ban kai mata ko ɗaya ba. Can ta rasu ina karatu a Dogon Dutsi.

Bara na je gaida maƙerin, idonsa ya tafi. Na tambaye shi ko Iya ce ta yi.

Ya ce tun a turke ya gane laujen daga raunin, don shi ya ƙera wa gidanmu shi. Ya faɗa wa Baba a zaure, Baba ya roƙe shi ya bar zancen: yayana ne ya sari jakin cikin fushi, don jakin ya harbe shi. Laujen Iya kuwa, in ji shi, bai taɓa yi masa haƙora ba.