Ranar ruwan Baba a kwamfutoci uku

Shekarar da na fara aiki a ofishin wata ƙungiyar manoman rani a Talata Mafara, aikina zama gaban kwamfuta ina shigar da ranar da kowane manomi zai samu injin ban ruwa. Injinan kaɗan ne, manoma kuwa da yawa, don haka bi da bi ake yi. Bayanan suna zaune ne a manyan kwamfutoci uku da aka haɗa, ɗaya a Mafara, ɗaya a Bakura, ɗaya a Maradun. An ce mana bakinsu ɗaya, duk wadda ka tambaya amsa guda za ta ba ka. Na yarda, don ban ga dalilin da ƙarfe zai yi ƙarya ba.

Mahaifina yana cikin manoman, shinkafa yake yi a Birnin Tudu. Da hannuna na sa masa huɗu ga Maris. Sai ga shi wata safiya a ofis da waya a hannu, bayan doguwar gaisuwa ya miƙo mini.

"Ke ɗiyata, duba min wanga saƙo. An ce sai ukku ga Afrilu za a kawo min inji. Shinkahwa ta san Afrilu?"

Na buɗe sunansa, na ga huɗu ga Maris. Na rufe na sake buɗewa don in nuna masa, sai ga uku ga Afrilu. Na sake, Maris ya dawo. Raina ya ɓaci, amma gaskiya mamaki ya fi ɓacin ran yawa. Ni dai tun ina ƙarama in abu ya ƙi ganuwa ba na iya barinsa, har Inna kan ce tambayata ta fi ta ɗan sanda.

Na kira injiniyan da ke kula da kwamfutocin, ya taso daga Gusau. Muka zauna muna buɗe sunaye ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne ba kowa abin ya taɓa ba. Wanda ranarsa ta wuce sha biyu ga wata lafiya lau yake. Wanda aka sa wa uku ga watan uku ma ba ruwansa. Can sai injiniyan ya fashe da dariya ya ce, "Ai watanni sha biyu ne a shekara!"

Ashe kwamfutar Maradun, da aka sayo ta daga baya, an bar ta a kan tsarin Amurka, inda ake fara rubuta wata kafin rana. Mu muna rubuta huɗu da uku muna nufin huɗu ga watan uku, ita tana karanta watan huɗu, rana ta uku. In lambar farko ta wuce sha biyu ba ta da watan da za ta ba ta, sai ta bi sahun sauran. Kuma a ranar da aka tura wa Baba saƙo, ita ce ta amsa. Gyaran bai kai tsawon shan shayi ba.

Na tafi Birnin Tudu ina ɗoki, kamar ni na gano maganin zazzaɓi. Sai dai masu kai inji su ma saƙon Afrilu suka samu, sun riga sun wuce da shi Garbadu, kuma ba a ƙwace inji daga gonar da ake cikin shayarwa. Kafin ya dawo, gefen gonar da ke kan tudu ya ƙone, ƙasa ta tsattsage.

Ran da ruwan ya iso na tsaya tare da Baba a bakin gona ina ta yi masa bayanin wata da rana. Ya saurara da kyau, har ya tambaye ni ko mutanen Amurka haka suke lissafin azumi. Daga nan ya sunkuya a gefen da ruwa bai cece shi ba, ya tuge busasshiyar shinkafa cike da hannu, ya karkaɗe ƙasar ya damƙa mini.

"Ki kai ma kwamfutar Maradun," ya ce. "Rabonta na."

Na yi dariya don shi ma dariyar yake yi, amma da na hau babur zan koma Mafara kuka na yi.