Kawu Ishaya, Na Ƙarshen Fita

Duk wanda ya taɓa zama a cocinmu na ƙauye, can bayan Kakangi, ya san Kawu Ishaya ba ya wa'azi a kan abin da bai aikata ba. Yana cikin karatu sai ya tsaya cak, ya leƙo mu ta saman tabarau, ya ce, "Wannan ayar ban kai gare ta ba tukuna. Mu tsallake." Shekara talatin yana mai bishara, amma akwai ayoyin da har ya bar duniya bai taɓa su ba. Mu dai gaba ta kai mu, don wa'azinsa bai cika wuce dahuwar ƙwai ba.

Ran nan ya ɗauko maganar yafiya, har ya yi nisa, sai ya dafe kai. "Kash! Ashe ina riƙe da Buba a zuciya." Buba kuwa shi ne makiyayin da shanunsa suka cinye masa masara. Ya ce matan zumunta su ja waƙa, ya hau keke ya nufi ruga. Muka yi ta waƙa har maƙogwaro ya bushe. Can sai ga shi da ƙwaryar nono ɗaure a bayan keke. Ya koma wurinsa ya ce, "To, ina muka tsaya?"

Matarsa, Inna Rifkatu, ita ta fi kowa shan wuya. Da ta ji yana bitar ayar da ta ce mai riga biyu ya ba da ɗaya ga marar riga, sai ta kwashe rigunansa ta kai ajiya maƙwabta. Ya buɗe akwati, wayam!

"Rifkatu, ina kayana?"

"Riga ɗaya gare ka, Malam. Ayar ba da kai take ba."

Ya rufe akwatin, ya ce, "Kin hana ni wa'azi. Allah ya shirye ki."

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan gefen daji, sai ya tashi a gaban jama'a ya ce, "In ta kai ga gudu, ni ne na ƙarshen fita garin nan." Kowa ya ɗauka ƙarfafa gwiwa ce. Ni da na san hali, na tabbata da gaske yake.

Ta kuwa kai. Wata safiya aka ce an hango baburansu a bakin daji. Na kawo motar a-kori-kura daga Birnin Gwari, ta tsaya ƙetaren rafi, kowa ya haye. Saura mutum biyu: Kawu da Kaka Ladi, tsohuwar da ƙafa ta daina ɗauka. Ita ma ta kafe.

"Ba inda za ni sai Malam ya wuce gaba."

"Iya, ai na ce ni ne na ƙarshe."

"Kai ka faɗa, ba ni ba."

Na ce, "Haba Kawu! Ku taho tare mana, wa zai duba?"

Ya ce, "Wanda na faɗa a gabansa."

Gaskiya na ji kamar in ɗaure shi in jefa a mota. Direba na ta danna ham. Sai Kawu ya jawo baro, ya shimfiɗa bargo, ya cicciɓi tsohuwar ya zaunar. Tana ta faɗa, "Malam, za ka zubar da ni!" Na kai hannu in karɓa, ya buge shi.

"In ka tura, kai ne a baya. Wuce!"

Haka tsoho ɗan shekara saba'in ya turo ta har rafi, yana haki, ni ina gaba ina share hawaye. Bayan kwana biyu aka ƙone garin, ba a tarar da kowa ba. Bai ƙara ganin cocinsa ba, a ɗakin haya ya rasu.

Ya Ubangiji, bawanka bai bar kowa a baya ba. In ya tsaya a bakin ƙofarka yana cewa sai kowa ya shiga, ka kamo hannunsa ka shigar da shi, ya gaji. Amin.