Ni Na Ce Su Yi Shiru

Lokacin da sojoji suka koma bariki, ni ne wakilin ƙungiyar ma'aikata na sashen saƙa a wata masaƙa da ke Kakuri, a Kaduna. Ina da baki, kuma ina ji da kaina, don manaja kan kira ni ofis ya ba ni kujera har da shayi. Duk ƙarshen wata takardar albashinmu kan nuna an cire haraji, an cire kuɗin asusun fansho. Tunda an buga a takarda, mun ɗauka kuɗin sun isa inda za su.

Wani dattijo mutumin Binuwai, wanda ya koya mini aikin inji, shi ya gano ɓarnar. Ritayarsa ta matso, ya je ofishin asusun duba abin da ya tara, aka ce masa kamfaninmu ya daɗe bai zuba ko kwabo da sunansa ba. Ofishin haraji ma haka. Ni ya kawo wa kuka. Na sami manaja, ya ce kasuwa ce ta faɗi, da kuɗin ake sayen auduga da man janareto, kuma in maganar ta fita hukuma za ta garƙame masaƙar kowa ya rasa abinci. Ya roƙe ni in lallashi mutanena, za a cike giɓin.

Nan na tafka kuskuren da har yau yake cin raina. Na tara su na ce kowa ya ja bakinsa, har na yi wa dattijon faɗa a bainar jama'a, wai zai jawo a rufe mu. Suka yi shiru saboda sun yarda da ni. Masaƙar kuwa sai da ta rufe. Dattijon ya rasu a ɗakin haya a Sabon Tasha bai ga fanshonsa ba.

Bayan jana'izarsa na bi gida-gida na tattara takardun albashin, muka kai ƙara. Masu kamfanin sun turo mini ɗan aike, wai a biya ni nawa ni kaɗai in janye. Na ce ya koma ya gaya musu su fara da matar marigayin, nawa ya zo ƙarshe. Shari'ar ta ja, furfura ta cika mini kai, amma ban janye ba kuma ba zan janye ba.

Ɗan'uwana ma'aikaci, kada rubutun takarda ya ruɗe ka, taka da ƙafarka ka je ka duba. In wakilinku ya ce ku yi shiru don a ceci kamfani, kada ku saurare shi ko da kuna ganin mutumin kirki ne. Ni ma haka suke ganina.