Filin da Ya Jira Almakashi

Har yau ban iya mantawa da safiyar da na tarar da Baba Lawal tsaye a ƙofar filin motsa jikin da muka gina a Ƙanƙara ba, hannun damansa riƙe da sanda, na hagu yana lilo a gefensa. A lokacin ban cika shekara da fara aiki ba. Bayan na kammala hidimar ƙasa, wata ƙungiyar raya al'umma mai aiki a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta ɗauke ni ƙaramin jami'i, wato mai kai da komo tsakanin ofis da mutanen unguwa. Sama da ni akwai shugaban shiri, Malam Nasiru, sama da shi kuma darakta, wanda ke zaune a Katsina.

Filin a da juji ne. Muka kwashe shara, muka zagaye shi da katanga, muka dasa darbejiya, muka ware wa matasa wurin ƙwallo. Sannan aka shimfiɗa hanyar siminti da ta kewaye shi, da ƙarfen dafawa a gefe domin dattawa da masu jinya, tunda yanzu rashin tsaro ya sa ba mai fita bayan gari don miƙe ƙafa.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, idan ɗan kwangila ya gama, injiniya ya duba ya amince, sai a kulle wurin a kai makulli ofis. Ba mai shiga sai an ƙaddamar, wato babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle a gaban jama'a, a ɗauki hotuna a aika wa masu ba da tallafi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma kowa a aikin yana bin sa.

Baba Lawal mai awon hatsi ne a Sheme. Rashin tsaro ya dawo da shi wurin ɗansa Mansir a unguwar, inda hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu. Likita ya ce ya riƙa tafiya kowace safiya a wuri mai laushin bi, yana dafe da wani abu, in ba haka ba ƙafar za ta sanƙare. Lungunan unguwar kuwa damina ta zaizaye su, ga babura.

"Ɗana, kai ne mai hilin nan?" ya tambaye ni bayan mun gaisa.

"Ni ɗan aike ne, Baba. Masu shi suna Katsina."

"To ka gaya masu tsoho na son aron ƙarhen can. Ba gida zan kai shi ba, dahwa shi kawai zan yi."

Na yi masa bayanin ƙaddamarwa dalla-dalla. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ashe almakashi ake jira. Akwai tela nan bayan masallaci, in aro maku?"

A ranar na kai maganar ga Malam Nasiru, na roƙi a riƙa buɗe wa dattijon da safe kaɗai.

"Malam Bashir," in ji shi, "kai sabo ne a aikin nan. Ka buɗe wa mutum ɗaya yau, gobe unguwa ta shigo. Fenti ya dushe, awaki su cinye dashen, darakta ya zo da baƙo su ga tsohon abu. Wa zai amsa, ni ko kai? Sati biyu ne, ya yi haƙuri."

Malam Nasiru ba mugu ba ne. Da na matsa, a gabana ya kira darakta a waya, aka ba shi amsa iri ɗaya da wadda ya ba ni.

Sati biyun bai tsaya a biyu ba. An fara ɗagawa saboda hanya ba lafiya, aka sake ɗagawa saboda baƙon ya tafi Umra. Duk ranar da na bi ta unguwar, sai Baba Lawal ya ɗago sanda daga kan dakali ya ce, "Malam Bashir, an wasa almakashin kuwa?" Daga baya aka tura ni Sabuwa duba wani wuri. Ina can Mansir ya kira ni. Mahaifinsa ya gaji da zama, ya gwada tafiya a lungu, ya zame a bakin kwata, ƙugunsa ya karye.

An ƙaddamar da filin bayan Babbar Sallah. Kafin ranar sai da aka sake fenti, domin rana ta riga ta ci na farkon ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Darakta ya buƙaci a samo dattijo ya bi hanyar simintin don a ɗauki hoto, mai unguwa ya kawo wani tsoho mai ƙoshin lafiya, aka tafa masa.

Da taro ya watse, Mansir ya turo mahaifinsa a keken marasa lafiya na aro, ya zagaya da shi. Baba Lawal ya miƙa hannun dama yana shafa ƙarfen har suka dawo ƙofa.

"An yi aiki mai kyau," ya ce mini. "Allah Ya amfanar da masu ƙahwa."

Abin da na koya shi ne, mu masu wannan aiki muna ƙidaya gamawa daga ranar biki, alhali lalurar mutane ba ta san ranar biki ba. Tun daga nan, duk aikin da aka sa ni, a zaman farko nake tambaya: wa ke jiran wannan abu, kuma zai iya jira? Galibi murmushi ake yi mini, wani lokaci a saurare ni.

Baba Lawal yana nan da rai, a ɗaki. Idan na je gaishe shi, shi ke fara tambayata ko mutane suna zuwa filin. Nakan ce masa suna zuwa, kuma gaskiya ne.